Biyan Kuɗin Ruwa A Gundumomin Kenya: Wa Ake Biya, Ina Kuɗin Ke Tafiya?

A cikin watan Fabrairun 2025 mazauna birnin Nairobi suka wayi gari da wani abin kallo wanda ko a wasan kwaikwayo aka shirya shi sai an ce marubucin ya cika zuzutawa. Kamfanin wutar lantarki na ƙasar, wato Kenya Power, ya yanke wa wasu ofisoshin gwamnatin gundumar Nairobi wuta a kan bashin kimanin Shilin biliyan 3 da ya ce yana bin ta. Ita kuwa gwamnatin gundumar, a ƙarƙashin Gwamna Johnson Sakaja, sai ta kada baki ta ce ai ita ma tana bin kamfanin abin da ya fi haka, na izinin kafa turaku da binne wayoyi a gefen titunanta. Kafin a ankara motocin shara sun jibge bola a ƙofar Stima Plaza, hedkwatar kamfanin, an kuma datse wa ginin ruwan famfo da hanyar fitar da ƙazanta. Sai da shugaban ma'aikatan gwamnatin ƙasar ya zaunar da ɓangarorin biyu sannan ƙura ta lafa.

Abin da ya ja hankalina a cikin wannan dambarwa shi ne, ta faru ne a ƙasar da talakanta ya saba biyan kuɗin ruwa. A Kenya, duk Shilin 100 da kamfanonin ruwa suka rubuta wa jama'a a takarda, fiye da 90 na shigowa aljihunsu, kamar yadda rahotannin hukumar da ke sa ido a kansu suka sha nunawa. Mu da muka saba jin cewa wai ɗan Afirka ba ya biyan kuɗin ruwa don yana ganin kyauta ce daga sama, ya kamata mu tsaya mu dubi yadda aka yi haka ta samu, mu kuma dubi abin da biyan bai iya gyarawa ba.

Kafin in shiga ciki, bari in ɗan yi ratse irin na masu sana'ata. A Hausa idan ka ce "kuɗin ruwa", ma'anar da ke fara faɗo wa mai sauraro a rai ita ce ƙarin da banki ko mai ba da rance ke ɗorawa a kan uwar kuɗi, abin da kowa ke ƙyama. Sai ka ƙara da cewa "na famfo" sannan a gane inda ka dosa. Ba ina cewa wannan karo da ma'anoni biyu suka yi shi ya hana mu biya ba. Amma dai yana nuna cewa har yau harshenmu bai ga buƙatar ware wa takardar kuɗin ruwan famfo sunanta na kanta ba, alhali "kuɗin wuta" ya zauna daram a bakin kowa, har da yaran da ba su taɓa ganin mita ba. Harshe ba ya ƙirƙiro suna ga abin da mutane ba su hulɗa da shi kullum.

To, mu koma Kenya. Kafin shekarar 2002, ruwan yawancin garuruwan ƙasar yana hannun majalisun gari ne. Sashen ruwa ofis ne guda a cikin ofisoshin majalisa, kuma duk abin da aka karɓa daga jama'a a baitulmalin majalisa yake zubewa. Daga can ake biyan albashi da alawus ɗin kansiloli da sauran hidindimu, in an yi sa'a wani abu ya rage a sayi maganin tace ruwa. Ruwa ya zama saniyar tatsa, amma ba mai ba ta dusa. Wasu garuruwa ƙalilan, irin su Nyeri da Eldoret, sun fara gwada wata hanya tun a shekarun 1990, inda suka mayar da sashen ruwa kamfani mai zaman kansa, mallakar majalisa amma da asusunsa daban. Na Nyeri ya fara aiki a 1998. Dokar Ruwa ta 2002 ita ce ta mayar da wannan gwaji tsarin ƙasa baki ɗaya: ma'aikata ta tsaya ga tsara manufa, aka kafa hukumar sa ido mai suna WASREB, aka kuma miƙa aikin raba ruwa da karɓar kuɗi ga kamfanoni na garuruwa.

Daga nan sai tsarin mulkin 2010 ya zo da abubuwa biyu. Na farko, sashe na 43 ya sanya samun ruwa mai tsabta kuma isasshe a cikin haƙƙoƙin ɗan ƙasa. Na biyu, ya raba ƙasar zuwa gundumomi 47, waɗanda da Suwahili ake kira "kaunti", kowace da zaɓaɓɓen gwamna da majalisarta, ya kuma danƙa musu harkar samar da ruwan sha. Gundumomin sun fara aiki bayan zaɓen Maris na 2013, suka gaji kamfanonin da majalisun gari suka bari. Don mai karatu ya kwatanta girmansu, ƙidayar 2019 ta nuna mutanen Kenya miliyan 47.6 ne, ke nan a matsakaicin lissafi kowace gunduma tana da kimanin mutum miliyan ɗaya. Ta fi ƙaramar hukuma tamu girma nesa ba kusa ba, ba ta kuma kai jiha ba. Dokar Ruwa ta 2016 ta ƙara ƙulla ƙulli guda wanda a ganina shi ne ƙashin bayan tsarin duka: kuɗin da aka karɓa daga masu shan ruwa ba a kashe shi sai a kan ruwa, wato gudanar da aiki da faɗaɗa shi. Gwamna shi ne mai kamfani, amma bisa doka ba shi da ikon zura hannu a asusunsa ya gina kasuwa ko ya biya bashin kamfe.

Gundumar Kiambu, wadda ke maƙwabtaka da Nairobi, ta isa misali. Mutanenta sun haura miliyan 2.4 a ƙidayar 2019, ita ce ta biyu a yawan jama'a bayan Nairobi, kuma kamfanonin ruwa takwas ne suka raba ta: Thika, Ruiru-Juja, Kiambu, Limuru, Kikuyu, Karuri, Githunguri da Gatundu. Kowanne da hukumar daraktocinsa, da manajansa, da farashinsa, da lambar da ake biyan kuɗi ta cikinta. Malamin makarantar da ke haya a Ruiru, yana kuma biya wa mahaifiyarsa ruwa a Githunguri, kamfanoni biyu yake hulɗa da su, a kan farashi biyu, duk a cikin gunduma ɗaya. Ba kamfanin ke yanka farashi yadda ya ga dama ba. Sai ya kai lissafinsa gaban WASREB, an kira taron jin ra'ayin jama'a, an buga sabon farashin a jaridar gwamnati, sannan ya fara aiki. Farashin kuma hawa-hawa ne: lita 6,000 na farko a wata suna da sauƙi, daga nan duk abin da ka ƙara sha kuɗinsa na ƙara tashi.

Ita kanta hanyar biyan, wayar salula ce ta sauƙaƙa ta. Tun da kamfanin Safaricom ya fito da M-Pesa a watan Maris na 2007, sannu a hankali layin da ake ja a ofishin ruwa ya watse. Ma'aikaci ya karanta mita, saƙo ya shigo maka a waya da abin da ka sha da abin da ake bin ka, ka danna lambar kamfani da lambar asusunka, shaidar biya ta dawo maka nan take. Ba kuɗin mota, ba rasit ɗin bogi, ba wani akawu da zai karɓa ya sa a aljihu ya ce littafi ya ɓace. A 2014 kamfanin ruwan Nairobi, da tallafin Bankin Duniya, ya ƙara wani mataki a unguwar talakawa ta Kayole-Soweto, wanda aka raɗa wa suna "Jisomee Mita". Sunan ya burge ni. A cikin kalma guda ta Suwahili an haɗa aikatau na karatu da ɗafin da ke nuna mutum yana yi wa kansa, ma'anarta "karanta wa kanka mita". Mai gida ne zai duba mitarsa ya aika da lambar, a ba shi lissafi, ya riƙa biya kaɗan-kaɗan gwargwadon yadda ciniki ya kama. Waɗanda suka tsara abin sun fahimci cewa mai sayar da kayan miya ba ya samun kuɗi a dunƙule a ƙarshen wata kamar ɗan albashi, sun kuma yi masa magana da harshen da yake ji.

Idan aka tsaya a nan sai a ɗauka an gama. Ba a gama ba, domin karɓar kuɗi daban, sayar da ruwa daban. Rahoton shekara-shekara da WASREB ke fitarwa tun 2008, inda take jera kamfanoni kimanin 90 daga na ɗaya har na kashin baya, ya daɗe yana nuna cewa fiye da kashi 40 cikin 100 na ruwan da aka tace aka tura cikin bututu ba ya dawo da ko sisi. Wani ya tsiyaye ta tsofaffin bututun da suka fashe, wani an sace shi ta haɗin bayan fage, wani kuma mita ce ta lalace ko ma'aikaci ya haɗa baki da mai otal aka rage lamba. Ma'aunin da hukumar ta gindaya shi ne kada asarar ta wuce kashi 25. Ke nan wancan kashi 90 da na ambata a sama kashi 90 ne na abin da ya kai ga takarda, bayan kusan rabin hajar ta salwanta a hanya. Ɗan kasuwar da ke zubar da rabin kayansa kafin ya isa rumfa, komai gaskiyar abokan cinikinsa, ba zai ga riba ba.

Nyeri ce ta nuna cewa wannan asara ba ƙaddara ba ce. Kamfaninta ya shafe fiye da shekara 10 a jere yana kan gaba a jerin WASREB, ya kuma sauko da asararsa ƙasa da kashi 20. Ba wani siddabaru ya yi ba. Ya sa mita a kowane gida, ya raba gari shiyya-shiyya ya sa wa kowace babbar mita don a san inda ruwa ke ɓacewa, yana kuma gyara fashewa da zarar an kai rahoto. Ya fara wannan tun kafin a san za a yi M-Pesa, abin da ke nuna cewa waya ta zo ta tarar da tsari ne.

Matsala ta biyu ita ce ƙanƙanta. Hukumar na kiran kamfani ƙarami idan gidajen da ya haɗa wa ruwa ba su kai 5,000 ba, kuma da yawa daga cikin irin waɗannan ba su iya biyan ko kuɗin gudanarwarsu. Kowanne na buƙatar manaja da akanta da injiniya da daraktoci masu karɓar kuɗin zama, ko gida nawa yake shayarwa. Wannan ya sa ake ta kiran a haɗe ƙanana wuri guda. A 2018 gwamnatin Ferdinand Waititu ta yunƙura ta narkar da kamfanonin Kiambu takwas su zama ɗaya, abin ya jawo ce-ce-ku-ce, kuma daga bisani kamfanonin suka ci gaba da aiki da sunayensu. A kan takarda haɗewar tana da hujja, domin rarar Thika za ta iya tallafa wa ƙauyukan da ba su iya ɗaukar nauyin kansu. Amma mutumin Thika da ya saba biya yana ganin ruwa yana da dalilin yin ɗari-ɗari idan aka ce kuɗinsa zai koma wani babban asusu da ke kusa da teburin gwamna. Ni a nawa ganin tsoronsa ya fi hujjar masu haɗewa nauyi, muddin ba a nuna masa wanda zai tsare asusun ba.

A wannan shekarar dai ta 2018 gundumar Murang'a ta nuna ɗaya fuskar siyasar ruwa. Gwamnanta na lokacin, Mwangi wa Iria, ya shiga takun-saƙa da kamfanin ruwan garin Murang'a a kan farashi da kuma wanda ke da iko da shi, har abin ya kai kotu. Ya kuma nemi a riƙa ba gundumarsa kashi 25 cikin 100 na kuɗin da Nairobi ke samu daga madatsar Ndakaini, wadda ke cikin Murang'a amma ita ce ke shayar da mafi yawan babban birnin. Nairobi ta ce ruwa dukiyar ƙasa ce, ba ta wata gunduma ba. Duk wanda ya san yadda ake kai ruwa rana tsakanin na sama da na ƙasa a kan kogin Haɗeja tun bayan gina madatsun Tiga da Challawa, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Sai kuma batun da ya fi kowanne ɗaci, wato talakan da bututu bai kai gare shi ba. A farkon shekarun 2020 Nairobi na buƙatar fiye da lita miliyan 800 a kullum, tana samun kimanin miliyan 525, kuma tun 2017 aka shiga rabon ruwa na kwana-kwana. A irin wannan hali mai famfo a cikin gida shi ne ke morar farashi mai rahusa, shi kuwa na unguwar marasa galihu ya sayi jarka a hannun 'yan garuwa. Lokacin da aka kafa na'urorin sayar da ruwa da kati a unguwar Mathare a 2015, jarka mai lita 20 ta koma rabin Shilin, alhali a hannun masu talla takan kai Shilin 50. Ninki ɗari ke nan. Hatta farashin nan na hawa-hawa da aka tsara don tausaya wa talaka yakan juya ya cije shi, domin gidan haya mai ɗaki goma a kan mita guda yana haye lita 6,000 cikin 'yan kwanaki, ya faɗa rukunin da aka tanada wa masu wanke motoci da ba fulawa ruwa. Duk mai tunanin kwafo wannan tsari zuwa garuruwanmu, inda gida guda kan ɗauki magidanta biyar da iyalansu, sai ya yi hattara da wannan.

Akwai wani bincike da wasu masana tattalin arziki suka gudanar tare da kamfanin ruwan Nairobi a Kayole-Soweto, wanda sakamakonsa ya fito a 2020. Sun gwada hanyoyi biyu a kan masu gidajen hayar da suka daina biya. Wasu an je an zauna da 'yan hayarsu an lallashe su, wasu kuma an ba su takardar gargaɗin yanke ruwa, aka kuma yanke wa waɗanda suka ƙi. Lallashi bai sauya komai ba, gargaɗin yankewa ne ya sa kuɗi ya shigo. Binciken ya sha suka mai zafi, kuma sukar tana da tushe, domin mai gida ne ya ƙi biya amma 'yan haya da 'ya'yansu ne za su kwana da ƙishi. Duk da haka ban ga amfanin mu rufe ido daga abin da ya gano ba. Takardar da kowa ya san ba abin da zai biyo bayanta in an ƙi biya, ba ta da bambanci da takardar tsire. Tambayar ita ce a kan wa za a fara zare takobin. Kamfanonin ruwan Kenya sun daɗe suna kukan cewa ma'aikatu da cibiyoyin gwamnati na cikin manyan masu riƙe musu kuɗi, su kuma in sun gaza biyan kuɗin wuta a yanke musu, injuna su tsaya, wanda ya biya nasa a kan kari ya rasa ruwa. Rigimar Stima Plaza reshe ce ta wannan bishiya.

Me ya kai mu, mu da ke nan, dogon nazari a kan gundumomin wasu? Dalili shi ne mun bi kishiyar hanyar da suka bi. A farkon shekarun 1930 En'e ta Kano ce ta kafa aikin ruwan Challawa da kuɗin baitulmalinta, a zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Bayan ƙirƙiro jihohi sai ruwan birane ya koma hannun hukumomin jiha, hukuma guda ga jiha guda, mafi yawansu suna rayuwa a kan abin da gwamna ya ga dama ya sakar musu. Mita ta yi ƙaranci, aka koma yanka wa gida kuɗi da ka, ko ruwa ya zo ko bai zo ba. A unguwar da nake zaune an taɓa shafe watanni ana kawo mana takarda a kan famfon da ko tari ba ya yi, har maƙwabta suka daina buɗe wa mai rabon ƙofa. Alƙaluman da Bankin Duniya ya wallafa a 2017 sun nuna cewa mazauna biranen Nijeriya da ke da famfo a gida sun ragu daga kimanin kashi 30 cikin 100 a 1990 zuwa ƙasa da kashi 10 a 2015, kuma a watan Nuwamban 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ruwa da tsabtar muhalli. Amma fa ba mu daina biyan kuɗin ruwa ba. Muna biyan mai kura kullum safiya, muna biyan mai haƙa rijiyar burtsatse, muna sayen man janareton da zai ja ruwan, muna sayen na leda don sha. In aka tara wannan a wata, ya ninka duk wata takarda da hukuma za ta kawo.

Masu cewa al'adarmu ce ba ta yarda da sayen ruwan famfo ba, su tsallaka Maraɗi ko Damagaram. Hausawa ne irinmu, kuma sun saba da mita da takardar wata-wata. Tun 2001 Nijar ta raba aikin gida biyu, kamfanin gwamnati na SPEN ya riƙe kadarori, kamfanin SEEN, wanda Veolia ta Faransa ke da kaso mafi tsoka a ciki, ya riƙe rabawa da karɓar kuɗi, har zuwa ƙarshen 2023 lokacin da gwamnati ta mayar da aikin hannun kamfaninta. Ko a hannun wa aikin yake, mai gida a can ya san in bai biya ba za a rufe, in ya biya kuma yana da bakin yin ƙorafi.

Tun bayan hukuncin Kotun Ƙoli na watan Yulin 2024 a kan 'yancin kuɗin ƙananan hukumomi, na ji wasu 'yan boko na cewa a miƙa musu ruwa kawai a huta. Ina ganin wannan gaggawa ce. Majalisun garin Kenya kafin 2002 ai kusa da jama'a suke, kuma su ne suka tatse ruwan har ya ƙafe. Kusanci ya yi amfani ne bayan an killace asusu, an sa mita, an kuma kafa alƙalin da ba ma'aikacin gwamna ba ne. Birni irin Kano, wanda ƙananan hukumomi takwas suka haɗu suka yi, ba zai yiwu a yanka bututunsa gida takwas ba. Abin da zai yi ma'ana shi ne kamfani guda ga kowane babban gari da kewayensa, Zariya da nata, Funtuwa da nata, Azare da nata, ta yadda mai biya zai san inda kuɗinsa ya kwana. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, saboda haka dole gwamnati ta fara zuba jarin gyara kafin ta aika wa kowa takarda. Mitar farko kuma a kafa ta a gidan gwamnati da sakatariya da barikoki da gidajen kwamishinoni, a riƙa cire kuɗinsu daga tushe kafin kason wata ya isa gare su, a kuma buga a jarida duk shekara lita nawa aka tace, nawa aka sayar, nawa aka karɓa, da sunan kowace ma'aikatar da ake bi bashi.